Filin Tambaya da Amsa: Shigo da wayar eriyar intanet ta tagar da take rufe

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune ne a gidan haya, kuma intanet ɗin da nake aiki da shi na rauta ne mai amfani da layin sim. A cikin ɗaki sabis ba ya zama, amma da zarar na fita waje sai ya cika. Saboda haka na sayi eriya ta waje mai wayoyi biyu sirara, kowace tsawon mita 10, na ɗaura ta a jikin bango. Matsalar ita ce mai gidan ya hana huda bango, ni kuma ba zan iya barin taga a buɗe ba saboda sauro da ruwan sama da kuma tsaro. Shin zan iya rufe tagar a kan wayoyin kawai, tunda akwai roba a bakinta? Na kuma ga wata 'yar waya mai faɗi da masu haɗa dish suke bi da ita ta ƙarƙashin taga. Za ta yi mini wannan aiki? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka rufe taga a kan wayoyin eriyarka, ko da kuwa robar bakin tagar tana da taushi. 'Yar wayar nan mai faɗi za ta iya yin aikin, amma ba irin wadda ka gani a hannun masu haɗa dish ba. Sai dai a ganina tagar ba ita ce babbar matsalarka ba. Abin da ya fi ɗaukar mini hankali a wasiƙarka shi ne siraran wayoyin nan masu tsawon mita 10, domin a cikin irinsu ne mutane da yawa suke asarar sabis ɗin da suka kashe kuɗi suka kamo daga waje, tun kafin ya iso bakin taga.

Mu fara da dalilin hana matse waya. Idan ka samu guntun tsohuwar wayar eriya ka yanka ta da reza ka dubi bakinta, za ka ga abu huɗu, ɗaya cikin ɗaya. A tsakiya akwai siririyar sandar tagulla. An kewaye ta da farar roba, wadda a wayoyi masu inganci kumfa ce busasshiya mai laushi. A bayan robar akwai saƙaƙƙiyar raga ta ƙananan zaruruwan ƙarfe, sau da yawa haɗe da takardar alminiyum mai sheƙi, sannan baƙar riga ta lulluɓe duka. Siginar tana bi ne ta sararin da ke tsakanin sandar da ragar, kuma aikin farar robar shi ne ta riƙe wannan tazara daidai wa daida tun daga farkon wayar har ƙarshenta. Tazarar, tare da kaurin sandar da irin robar, su ne ke ba waya ma'auninta na om, wato lambar da dole waya da na'urar da aka haɗa ta da ita su dace a kanta, wanda a kayan sadarwar salula om 50 ne. Da zarar taga ta danne waya, tazarar ta canza a wurin, ma'aunin ya kauce, sai wani ɓangare na siginar ya riƙa komawa inda ya fito maimakon ya wuce zuwa rauta. Kumfar da aka matse kuwa ba ta komawa yadda take. Idan aka ci gaba da buɗewa da rufewa a kanta, ragar takan tsinke, rigar ta tsage ruwa ya samu hanya, ko kuma sandar ta taɓa ragar aiki ya tsaya cak. Mugun abin shi ne daga waje ba a ganin komai sai 'yar lotsawa, don haka mutum yakan yi ta zargin kamfanin layinsa alhali laifin yana bakin tagarsa. Karya waya a kan kusurwar firem ma irin wannan illa yake yi. Wayar da kaurinta ya kai milimita 10 tana bukatar ta sha kwana a hankali, a kan da'ira mai faɗin kusan santimita 20.

Kafin ka sayi wani abu kuma, ka auna. Sandunan sabis da ke haskawa a jikin rauta ba ma'auni ba ne da za a dogara da shi, domin kowane kamfani da yadda yake lissafa su. Ka shiga shafin sarrafa rautar ta kwamfuta ko wayar hannu, adireshinsa yakan kasance a rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta, ka nemi lambobi biyu: RSRP da SINR. Ta farko tana nuna ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfen sabis, kuma da alamar ragewa ake rubuta ta, wato -80 ta fi -100 kyau. Daga -80 zuwa sama sabis ne mai ƙarfi, idan kuma ta gangara ƙasa da -100 to ya yi rauni. Ta biyu tana nuna tsabtar siginar idan an gwada ta da hayaniyar da ke tare da ita. Sama da 20 madalla, kusa da sifili kuwa intanet zai riƙa jan ƙafa ko da sandunan sun cika. Ka rubuta waɗannan lambobi a inda rautar take yanzu, ka sake rubutawa a bakin taga, sannan ka buɗe tagar ka haɗa eriyar kai tsaye ka rubuta na uku. Waɗannan lambobi su ne za su riƙa gaya maka gaskiya a duk matakin da ka ɗauka daga baya.

Ana auna riba da asarar sigina da desibel, kuma lissafinsa ba irin wanda aka saba ba ne. Asarar desibel 3 tana nufin rabin ƙarfin ya tafi, desibel 6 ta bar kashi ɗaya cikin huɗu, desibel 10 kuwa ta bar kashi ɗaya cikin goma kacal. Wayar eriya kamar tiyo ce mai yoyo a duk tsawonta: gwargwadon tsawonta gwargwadon abin da take zubarwa a hanya, kuma siririya ta fi mai kauri zubarwa. Siririyar wayar da aka fi haɗawa da eriyoyi masu araha, mai suna RG174, kaurinta bai kai milimita 3 ba, kuma a zangon megahaz 1800 (zango shi ne tashar rediyon da sigina ke bi, ana ƙirga shi da megahaz), wanda yake cikin zangunan da 4G ta fi amfani da su a duniya, tana cin fiye da desibel 1 a kowace mita. A mita 10 ka yi asarar fiye da desibel 10 ke nan. Eriyar fanel ta gida kuma ribarta takan tsaya ne a wajen desibel 8 zuwa 11, wato duk abin da eriyar ta ƙaro wayar ta cinye, sai dai a ce ka tsira da ribar fita daga bayan bango. RG58, mai kaurin kusan milimita 5, ta ɗan fi sauƙi amma ita ma ba ta dace da tafiya mai nisa ba. Waya mai kauri irin LMR-400, wadda ta ɗan haura milimita 10, asararta a wannan zango ba ta kai desibel 2 ba a mita 10 gaba ɗaya. Asarar kuma tana ƙaruwa ne yayin da lambar zangon take hawa: wayar da za a iya haƙuri da ita a megahaz 800 za ta ba da kunya a 2600, balle a 3500 inda yawancin 5G take.

Shawarata ta farko ba ta cin ko sisi: ka ɗauko rautar ka kawo ta dab da tagar da ta fi kusa da eriyar, ka rage tsawon waya iya yadda zai yiwu. Rarraba intanet a cikin gida aikin Wi-Fi ne ko kebul ɗin LAN, wato wayar da ke haɗa rauta da kwamfuta, waɗanda ba su da wannan matsala. Idan wayoyin manne suke da eriyar ba sa cirewa, mai gyara da yake da filayar matse mahaɗi zai iya yanke su ya sa sababbin kawuna. Naɗe ragowar waya a ajiye a bayan labule ba ya rage asara, domin siginar sai ta bi duk tsawonta ko a miƙe take ko a naɗe.

Yanzu ga batun waya mai faɗi. Ita guntuwa ce, yawanci santimita 20 zuwa 50, da mahaɗi a kowane kai, an ƙera tsakiyarta siriri ƙwarai don ta kwanta tsakanin ƙyauren taga da firem ba tare da ta hana rufewa ba. Wadda masu dish suke amfani da ita ta om 75 ce, mai mahaɗi samfurin F, saboda a kan wannan ma'auni aka gina kayan talabijin. Kayanka kuwa na om 50 ne. Gaskiyar magana, wannan saɓani shi kaɗai ba ya kashe sabis; a kowace mahaɗa tsakanin 50 da 75 kusan kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ne yake komawa baya, kuma guntuwar waya mai mahaɗa biyu asararta ta wannan fuska ba ta kai desibel 1 ba. Inda gizo yake saƙar shi ne a abubuwan da ke biyo baya. Dole ka sa adafta a kowane ɓangare don mayar da F zuwa SMA, wato mahaɗin eriya mai zare da ke bayan rauta, kowace adafta da tata asarar da kuma wurin da ruwa zai iya shiga. Sannan an ƙera ta ne don siginar da ke saukowa daga dish, wadda yawanci ba ta wuce megahaz 2150 ba, kuma an riga an ƙarfafa ta a bakin dish ɗin, saboda haka ko wayar ta ci wani abu ba a lura. Siginarka kuwa ba mai ƙarfafa ta kafin ta iso rauta, kuma hanya biyu take bi, domin rautar ma tana aika saƙo zuwa ƙarfen sabis ta cikin wannan wayar. Ka nemi wadda aka rubuta om 50 a jikinta ko a kwalinta, mai mahaɗan da suka dace da naka ba sai da adafta ba, kuma ka duba har zuwa wane zango aka ce tana aiki. Idan mai ƙerawa bai bayyana asararta da desibel ba, ni ba zan amince da ita ba.

Guda biyu za ka saya. Wayoyi biyun da ke jikin eriyarka ba don ado aka sa su ba. 4G tana amfani da tsarin da ake kira MIMO, inda ake aiko da bayanai ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma a cikin kwalin eriyar akwai eriya biyu da aka gicciya. Wanda ya haɗa ɗaya ya bar ɗaya zai samu intanet, amma zai iya rasa kaso mai yawa na saurinsa.

Yadda za ka shimfiɗa su ya danganta da irin tagar. Idan mai ƙyaure ce da roba a bakinta, ka zaɓi wurin da robar ta fi kauri, nesa da makulli da ƙugiyoyin da ke kama ƙyauren, ka kwantar da wayar ta bi surar firem ɗin sau ɗaya, ka manne ta da tef mai gam fuska biyu don kada ta riƙa motsi. Ka rufe tagar a hankali a karon farko. Idan ka ji sai ka sa ƙarfi, to wurin bai dace ba. Tagar da ba a cika buɗewa ba ita ta fi, domin waya mai faɗi ma tana gajiya. Idan kuwa taga ce mai zamewa ta alminiyum, bakinta yana da kaifi kuma yana iya yanke wayar a rufewa ɗaya, saboda haka na fi son wata dabara: a yanko siririn katako daidai da tsayin tagar, a huda shi, a zura wayoyi masu kauri ta cikin hudar, a kafa shi a gefen firem, a jawo tagar ta jingina da shi, a toshe giɓin da soson roba, sannan a sa sanda a cikin layin da tagar take zamewa don kada a iya turo ta daga waje. Da wannan ba ka bukatar waya mai faɗi kwata-kwata, ba ka kuma taɓa dukiyar mai gida ba. Haka nan ka duba ko akwai hanyar da ta riga ta wanzu, kamar ramin bututun na'urar sanyaya ɗaki ko kafar shan iska ko hudar tsohuwar wayar talabijin. Sau da yawa ana wahala da taga alhali ga ƙofa a buɗe a gefe.

Mahaɗin da ya rage a waje shi ne zai fara lalacewa idan ba ka kare shi ba. Ruwan sama yana bin jikin waya yana gangarowa, kuma idan ya shiga mahaɗi ragar takan tsotse shi zuwa ciki. Bayan 'yan watanni idan ka kwance za ka tarar da tagullar ta yi kore-kore da wani farin gari a bakin zaren. Ka bar wayar ta sauko ƙasa da bakin tagar kaɗan sannan ta sake hawa, yadda ruwan zai ɗiga daga gindin lanƙwasar. Ka naɗe mahaɗin da tef ɗin roba mai manne wa kansa, wanda ake ja yana miƙewa, ka rufe shi da baƙin tef na masu gyaran lantarki saboda rana. Ka kuma ɗaure wayar mai kauri a jikin bango ko ƙarfen taga don nauyinta kada ya rataya a kan 'yar mai faɗin. Idan ka gama, ka rufe tagar ka sake duba RSRP. Bambancin desibel 1 zuwa 2 da abin da ka rubuta lokacin da taga take buɗe abin karɓa ne; idan ya haura haka sosai, wayar ba ta da kyau ko an matse ta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni na riga na haɗa eriya ta waje da waya mai faɗi ta taga, amma saurin intanet bai ƙaru ba, wani lokaci ma gara yadda yake a da. Shin eriyar ce jabu, ko akwai abin da ban yi daidai ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka kadai, Malama. Kafin ki yanke wa eriyar hukunci, ki kwance mahaɗin da ke bayan rautar ki leƙa cikinsa da fitila. Akwai mahaɗai iri biyu masu kama da juna ƙwarai, SMA da RP-SMA, zarensu ɗaya ne kuma suna ɗauruwa da juna lafiya lau. Bambancin yana tsakiya: dole ɓangare ɗaya ya kasance da 'yar allura, ɗayan kuma da ramin da za ta shiga. RP-SMA, wanda aka fi amfani da shi a kayan Wi-Fi, an juya masa wannan tsari, don haka idan aka gauraya su rami yana iya fuskantar rami, a ɗaure tamau amma babu abin da ya taɓa wani. Ki kuma tabbatar ba a ramukan eriyar Wi-Fi kika ɗaura ba, domin wasu rautoci suna da duka biyun. Ƙananan na'urorin aljihu kuwa sukan zo da TS-9 ko CRC9, waɗanda ake turawa ba a murɗawa, kuma suna saurin sakin jiki idan nauyin waya ya ja su. Bayan haka ki shiga shafin sarrafa rautar, domin wasu ba sa komawa kan eriyar waje da kansu sai an zaɓa musu.

Idan duk wannan daidai yake, ki duba inda eriyar ta fuskanta. Ƙarfen sabis da ido yake gani ba lallai ne ya zama na kamfanin layinki ba. Ki riƙa juya ta kaɗan-kaɗan, kina dakatawa kamar minti ɗaya a kowane matsayi don lambobin su zauna, kuma ki fi ba SINR muhimmanci a kan RSRP, domin sigina mai tsabta ta fi mai ƙarfi da hayaniya amfani. Akwai kuma abin da eriya ba ta magancewa: idan lambobinki suna da kyau, intanet yana gudu da asuba amma yana rarrafe da yamma, to cunkoso ne a ƙarfen sabis ɗin, mutane sun yi masa yawa, kuma babu wayar da za ta gyara wannan.

In kuwa matsalar tsawon waya ce, kuma ba yadda za a yi rautar ta matso kusa da eriyar, to shawarar da na fi gamsuwa da ita a wannan fage gaba ɗaya ita ce a daina ƙoƙarin shigo da siginar rediyo cikin gida, a shigo da intanet ɗin da ya riga ya zama bayanai. Akwai na'urori na waje da aka haɗa eriya da modem, wato ɓangaren da ke juya siginar rediyo zuwa bayanai, a cikin akwati ɗaya mai jure ruwa da rana. Ana sa sim a ciki, a ɗaura a waje, sai kebul ɗin LAN guda ɗaya ya shigo. Tazarar da ke tsakanin eriya da modem ta koma 'yan santimita, asarar waya ta kau. Kebul ɗin LAN samfurin Cat5e ko Cat6 yana kai bayanai har mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba, kuma ta cikinsa ake tura wa na'urar wuta da tsarin PoE, wanda aka fitar da ƙa'idarsa ta farko a shekarar 2003, don haka ba a bukatar soket a waje. Shi ma yana da guntu mai faɗi na bi ta taga, kuma ya fi wayar eriya haƙuri nesa ba kusa ba. Abu biyu za ki kiyaye. Guntun ya kasance mai zare takwas cikakku, domin mai huɗu ba ya wuce megabit 100 kuma wasu na'urorin ba za su samu wuta ta cikinsa ba. Sannan ki yi amfani da akwatin tura wutar da ya zo tare da na'urar, saboda wasu da bolt 24 suke aiki, wasu da kusan 48, kuma musanya su yana iya ƙona kaya. Ga mai son 5G, inda sau da yawa wayoyi huɗu ake bukata kuma zangon yana cin sigina sosai, wannan hanya ita ce kwalliyarta take biyan kuɗin sabulu. Kafin saye, a tabbatar na'urar tana kama zangunan kamfanin layin kuma ba a kulle ta ga wani kamfani ba.

TAMBAYA: Malam, me zai hana in manna eriyar a jikin gilashi daga ciki in huta da batun waya? Ko kuma in sa a huda gilashin? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Manna ta daga ciki yana aiki a wasu gidaje, kuma gwada shi bai cin komai. Gilashi na yau da kullum sigina kaɗan yake tarewa. Amma gilashin zamani da aka shafa wa siririn ƙarfe don ya kore zafi, da wasu masu duhu ko masu sheƙin madubi, suna iya cin desibel 20 ko fiye, har su fi bangon bulo tarewa. Ragar sauro ta ƙarfe ma tana tarewa sosai, ta roba kuwa ba ruwanta. Gane wannan abu ne mai sauƙi: ka ajiye rautar a bakin taga, ka duba RSRP a rufe, ka buɗe ka sake dubawa. Idan bambancin kaɗan ne kuma tagar tana fuskantar ƙarfen sabis, ka huta. Akwai kuma faifai biyu da ake mannawa ciki da waje su miƙa wa juna sigina ta cikin gilashi, irin na eriyar wayar mota a shekarun baya, amma ba na ba da shawararsu a nan, domin zango ƙalilan suke ɗauka kuma ba sa jituwa da gilashi mai ruɓi biyu ko mai shafin ƙarfe.

Huda gilashi kuwa kada ka fara. Wanda aka gasa don ya yi ƙarfi tarwatsewa yake yi gaba ɗaya da zarar an huda shi, mai ruɓi biyu kuma idan iska ta shiga tsakaninsa sai ya riƙa yin gumi daga ciki har abada. Idan har za a yi huda, a firem na katako ko a bango za a yi, da izinin mai gida, a karkata ramin ya gangara waje, a toshe shi da silikon. Ka kuma yi hattara da na'urar ƙara ƙarfin sabis mai sake watsa sigina a cikin gida; a ƙasashe da yawa ba a yarda a kunna ta ba sai da izinin hukumar sadarwa ko kamfanin layi, saboda maras inganci tana dagula wa maƙwabta sabis.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, an ce eriyar waje tana jawo aradu. Tunda wayar ta taga za ta shigo kusa da inda muke kwana, ina tsoro saboda iyalina. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani magidanci.

AMSA: Tare da naka, Alhaji. Tsoronka yana kan hanya. Ƙaramar eriya da aka ɗaura a jikin bango ƙasa da rufin gida ba ta ƙara haɗarin faɗuwar aradu da wani abin a zo a gani, amma doguwar sandar ƙarfe da ta zarce duk abin da ke kewaye da ita tana ƙarawa. Saboda haka kada a ɗaga eriya fiye da bukata. Idan lambobin sabis sun yi kyau a ƙasa da rufi, a bar ta nan. Abin da ya fi yawan faruwa ma ba faɗuwar aradu a kan eriyar ba ne. Idan ta faɗi a kusa, takan haifar da wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci a cikin duk wata doguwar waya, wutar ta biyo ta har cikin rauta da abin da ke haɗe da ita. Siririyar waya mai faɗi ba ta tare wannan, kada wani ya ce maka za ta tsinke ta cece ku.

Kariyar da ake yi ita ce 'yar na'urar kare tsawa da ake sawa a kan kowace wayar eriya, a waje, kafin ta shiga taga, wadda take karkatar da wutar zuwa ƙasa. Dole ta kasance ta om 50 kuma mai ɗaukar zangon da kake amfani da shi, kuma ba ta da wani amfani sai an haɗa ta da waya mai kauri, gajera, miƙaƙƙiya, zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa, wanda shi ma aka haɗe shi da na wutar gidan. Sandar eriyar ma haka za a yi mata. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran lantarki ne, kuma ko an yi shi daidai ba ya ba da tabbacin tsira daga aradun da ta faɗo kai tsaye. Wanda ya zaɓi na'urar waje mai kebul ɗin LAN shi ma yana bukatar irin wannan kariya da aka yi domin LAN. Wajen kafa sandar a nisanci wayoyin wutar lantarki da tazarar da ta kai ninki biyu na tsawonta, domin wannan haɗari ya fi na aradu kusa da mai aikin. Ka zaɓi tagar da ba ta kan gado ko wurin wasan yara, kuma idan hadari ya haɗo ka kwance wayoyin daga bayan rautar ka zare filoginta tun kafin a fara walƙiya. Idan an riga an fara, kada kowa ya taɓa su sai hadarin ya wuce.